An min tayin macen mesa Desert da araha: in saya don kiwo ko in haƙura?

"Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Shekarata biyu ina riƙe da namijin mesar nan da ake kira ball python, na asali ne mara wani launi na musamman, yanzu kuma ina so in fara kiwo. Wani ya min tayin mace mai launin da suke ce wa Desert, shekararta uku, nauyinta giram 1,400, kyakkyawa ce sosai kuma kuɗin da ya faɗa bai kai na sauran launuka ba ko kusa. To amma wani abokina ya ce matan Desert ba sa yin ƙwai mai kyau, shi kuma mai sayarwar ya ce ai wannan tsohon zance ne, in dai na ciyar da ita ta ƙara nauyi za ta yi. Wanne ne gaskiya? Sannan in ba za ta haihu ba, tana da wani amfani ko asarar kuɗi ce kawai?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kyauta da ka tambaya tun kuɗin na aljihunka, don da yawa sai bayan macen ta kwanta da ƙwai maƙale a cikinta suke fara neman wanda ya sani. In na fahimce ka da kyau tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya, ta farko ko macen Desert za ta iya ba ka 'ya'ya, ta biyu kuma ko tana da daraja in ba za ta ba ka ba. Amsar ta farko a'a ce, abokinka ya fi mai sayarwar gaskiya nesa ba kusa ba. Amsar ta biyu kuma eh ce, tana da daraja sosai, sai dai ba irin wadda ka shiga kasuwa kana nema ba. Bari in bi su a hankali don kar ya zama kawai na ce maka kar ka yi ba tare da ka ga dalili ba.

Menene ma Desert ɗin

Ita wannan mesar, wadda masana ke kira Python regius, asalinta daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya take, kuma shekara da shekaru ana fitar da ita zuwa Amurka da Turai musamman daga Ghana da Togo da Benin. Cikin dubban da ake fitarwa wani lokaci sai a ci karo da guda ɗaya da launinta ya fita daban, to ita ce masu kiwo ke warewa su gwada su ga ko launin yana bin jini. In ya bi, sai a raɗa masa suna, shi ne abin da ake kira mof. Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne launin zabiya, wanda Bob Clark ya fara ƙyanƙyashewa a Amurka a 1992, daga nan ne fa abin ya zama kasuwa ta gaske, yau launukan da haɗe-haɗensu sun kai dubbai.

Desert ɗaya ne daga cikinsu. Abin da yake yi shi ne ya wanke launin macijin, ruwan ɗorawar ya fito tas, ƙananan ɗigon baƙin nan da ke dusashe jikin na asali su ragu, kuma in aka haɗa shi da wani launin sai ya ƙara masa haske kamar an goge shi. Shi ya sa da ya fito mutane suka yi caa a kansa. Gadonsa kuma mai rinjaye ne, ma'ana ba sai uwa da uba duka suna da shi ba, ɗaya ya isa, kowane ƙwai yana da damar rabi da rabi ya fito Desert.

A nan sai ka yi hankali da wani abu da ke rikita sababbin shiga. Akwai Desert, akwai kuma Desert Ghost, suna ne kawai ya yi kama amma ba su haɗa komai ba a jini. Desert Ghost gadonsa ɓoyayye ne, sai an samu daga uwa da uba duka kafin ya bayyana, kuma matansa suna yin ƙwai lafiya lau ba wata matsala. Don haka abu na farko da za ka yi shi ne ka sa mai sayarwar ya faɗa maka ƙarara wanne ne, ya kuma gaya maka iyayenta su waye. In uba Desert ne uwa ta asali, to Desert ce. Yadda ka ce kuɗin ya faɗi ƙasa haka ga kuma amsar da ya ba ka ta "tsohon zance ne", ni a ganina Desert ɗin ce ta ainihi, don wanda ke riƙe da babbar macen Desert Ghost ba ya buƙatar kare kansa kuma ba ya karyar da ita.

Abin da ke faruwa in aka yi mata barbara

Ka fara sanin yadda abin ke tafiya a mace mai lafiya. Galibi ana jira ta kai shekara uku da nauyin giram 1,500 ko sama kafin a saka mata namiji. Bayan an yi ta haɗa su na wasu watanni, wata rana za ka ga tsakiyar jikinta ya kumbura sosai kamar ta haɗiyi babban ɓera alhali ba ta ci komai ba, kumburin nan kamar kwana ɗaya yake yi ya sace, wannan shi ne lokacin da ƙwayayen suka sauko. Bayan kamar sati uku sai ta yi saɓa, daga saɓar nan kuma ka fara ƙirga, wajen kwana 30 za ta saka ƙwai. Yawanci guda 4 zuwa 10 ne, shida shi ne aka fi gani, farare manya masu laushi kamar fata, suna manne da juna, in ka haska da tocila a duhu za ka ga jijiyoyin jini ja sun yi rassa a ciki. Ka sa su a injin ƙyanƙyasa a digiri 31 zuwa 32, kwana 55 zuwa 60 yara su fara tsaga ɓawo.

To macen Desert duk waɗannan matakan na farko tana bin su, kuma wallahi nan ne abin ke yaudarar mutum. Tana karɓar namiji, tana kumburin, tana saɓar, kai kana ta lissafin 'ya'ya nawa za ka samu. Sai ranar sakawa ta zo abu ɗaya cikin biyu ya faru. Ko dai ta zubo baragurbi, wato ƙananan ƙwai rawaya masu tauri da ba komai a ciki, ko kuma ta kasa sakawa gaba ɗaya ko ta saka wasu sauran su maƙale. Na farkon asarar shekara ce, na biyun kuma zai iya zama asarar rai.

Ni ganau ne ba jiyau ba. A shekarun da launin ke tashe na sayi mace ɗaya a hannun wani da ya rantse min cewa matsalar ta masu gaggawa ce, in na bari ta girma sosai za ta yi. Na haƙura har ta wuce shekara huɗu, ta haura giram 1,800, jikinta a murje, ban taɓa samun matsalar ci da ita ba. Na haɗa ta da namijin da na san yana bayarwa don ya riga ya ba ni 'ya'ya da wasu matan. Komai ya tafi daidai har kwana na 30 bayan saɓa, shiru, 35 shiru, ita kuma ta kasa zama wuri ɗaya, sai zagaye take tana murɗa jiki tana ɗaga wutsiya. Wani dare na buɗe akwatin da tocila na tarar da guda uku a warwatse, kowanne bai fi babban yatsana ba, rawaya, da wani maiƙo a jikinsu, ko naɗe su ba ta yi ba, alhali mace mai ƙwai na ƙwarai za ka same ta ta dunƙule a kansu kamar rawani ba ta ma son ka kawo hannu. Na ɗaga ta a hankali na bi cikinta da yatsa sai na ji dunƙule biyu a can ƙasa kusa da mafita, masu tauri, ba sa motsi. Na jira kwana biyu ko za ta ƙarasa, ba ta ƙarasa ba, sai gajiya da ta ƙara yi har kanta ba ta iya riƙewa sosai. Likitan dabbobi ya ɗau hoton cikin ya ga sun manne, allurar naƙuda ba ta yi komai ba, wadda dama a macizai ba kasafai take aiki yadda take yi a wasu dabbobin ba, ƙarshe sai tiyata aka yi. Ta rayu alhamdulillah, amma ta yi wata huɗu ba ta karɓi abinci ba, kuma kuɗin aikin ya ninka abin da na saye ta. Har yau in na ɗauke ta ina jin tabon ɗinkin a gefen cikinta, kuma ni na jawo mata, don an gaya min tun kafin nan na zaɓi in yarda da maganar da ta fi min daɗi.

Maganar "ka ciyar da ita za ta yi"

Wannan hujjar ba sabuwa ba ce, da ita aka fara tun da matsalar ta bayyana. Da farko cewa aka yi matan ƙanana ne an yi musu gaggawa, sai masu kiwo suka jira suka girma, ba a ga canji ba. Sai aka ce zafi ne ya musu yawa, aka rage zafin akwatinsu, nan ma dai baragurbi da maƙalewa. Aka ce a cakuɗa jinin da wasu launuka ko matsalar za ta wanke, sai aka ga duk macen da ke ɗauke da Desert, ko da launi nawa aka haɗa mata, halin ɗaya ne. Kuma ka lura mutanen da suka yi waɗannan gwaje-gwajen su ne waɗanda suka zuba kuɗi masu yawa a launin, babu wanda ya fi su son a ce ya yi, da akwai dabara da tuni sun same ta sun cika kasuwa.

Akwai ma wata alama da kai da kanka za ka iya aunawa. A launuka masu rinjaye da yawa in ka haɗa uwa da uba masu launi ɗaya kana samun wani sabon abu da ake kira sufa, misali Mojave da Mojave na ba da farin maciji mai shuɗin ido, Fire da Fire na ba da fari mai baƙin ido. To ka tambayi mai sayarwar ya nuna maka sufan Desert. Ba zai iya ba, don kafin a same shi sai macen Desert ta yi ƙwai mai rai. Kusan duk Desert ɗin da kake gani ta wajen uba ya zo. Ko kuma mafi sauƙi ka ce masa ya nuna maka hoton macen Desert tasa guda ɗaya kwance a kan fararen ƙwai, da hoton yaran suna fitowa. Wanda ya ce tsohon zance ne ai bai kamata wannan ya gagare shi ba.

Sannan shawarar a ɗura mata abinci ita kanta cutarwa ce. Macen da kitse ya yi wa yawa ta fi shiga haɗarin maƙalewar ƙwai ko da ba Desert ba ce, tsokar da za ta tura ƙwan ta yi sanyi. Kenan ya ɗauki matsala ɗaya ya ƙara mata wata.

Wani zai ce to sai in sayi namijin Desert tunda shi lafiyarsa ƙalau. Gaskiya ne namijin yana bayarwa ba matsala, amma ka yi lissafin. Rabin ƙwan za su fito Desert, rabin waɗannan kuma mata ne, wato a ƙwai takwas kana sa ran kamar biyu su zama matan Desert. Ina za ka kai su? Kai za ka faɗa wa mai saye gaskiya, na yarda, amma maciji ne da ke yin shekara 20 zuwa 30, a tsawon wannan lokacin zai iya canja hannu sau uku ko huɗu, kuma a wani hannun bayanin zai ɓace ko a ɓoye shi da gangan, sai ta faɗa wajen wani yaro mai zumuɗi irinka a ce masa tsohon zance ne. Ina kyautata zaton ta irin wannan hanyar ce ma wannan ta iso gare ka. Wannan dalilin ne ya sa ni na daina fitar da Desert kwata-kwata, namijin Desert ɗin da nake da shi yana nan yana cin ɓeransa amma ban ƙara saka shi da mace ba. Akwai masu kiwo na kirki da suka ga ba laifi a ci gaba in dai ana faɗin gaskiya, ban ce su mugaye ba ne, ni dai raina bai kwanta da shi ba.

Me ya sa take da araha, kuma me arahar ke nufi

A kasuwar nan farashin maciji ba kyansa yake bi ba, abin da zai iya haifarwa yake bi. Masu kiwo ne ke yanka farashi, su kuma mace a wajensu jari ce, shi ya sa a kusan kowane launi babbar mace ta fi namiji tsada, don shi namiji a shekara ɗaya da giram 600 zuwa 800 ya isa aiki kuma guda ɗaya zai zagaye mata da yawa, ita kuwa sai an yi shekara uku ana ciyar da ita. A Desert sai abin ya juye, macen ta zama ba mai so. Dama launi mai rinjaye farashinsa saurin faɗuwa yake saboda saurin yaɗuwa, ga kuma wannan matsalar ta zo ta ƙarasa shi. Don haka arahar da ka gani ba sa'a ka taka ba, kasuwa ce ta riga ta yanke hukunci, kuma wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Amma fa hukuncin masu kiwo ne, bai shafi wanda ke son dabbar da zai ajiye ya kula da ita ba. Nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, don launuka masu matsala ba duka ɗaya suke ba. Ɗauki Spider, wanda kamfanin NERD na Amurka ya fara fitarwa a 1999. Shi matsalarsa a jikinsa take kullum, kai na rawa, wani in zai kai sara ga abinci sai ya kuskure, wani ya riƙa murɗa wuya yana juyewa ya kasa gane sama da ƙasa, kuma abin na ƙaruwa in ya firgita ko lokacin ci. Wani nasa kaɗan ne da kyar za ka lura, wani kuma ya yi tsanani, kuma ba ka isa ka zaɓa ba don uwa mai ɗan kaɗan tana iya haifar mai tsanani. A 2018 ƙungiyar International Herpetological Society ta Ingila ta hana sayar da shi a bajekolinta, a 2022 kuma masu bincike a Jamus suka nuna cewa cikin kunnensa, inda ke riƙe daidaiton jiki, a gurɓace yake tun halitta. Ko Caramel Albino da ake yawan samun 'ya'yansa da lanƙwasar ƙashin baya, ko sufan Cinnamon da na Black Pastel da wasu ke fitowa da baki a baje ko baya a karye. Waɗannan duk dabbar na ɗauke da abinta ko ka yi kiwo ko ba ka yi ba.

Macen Desert ba haka take ba. Tana ci daidai, tana saɓa daidai, tana tafiya daidai, kanta ba ya rawa, halinta irin na kowace ball python ne, mai sanyi, in ta tsorata ta dunƙule ta cusa kai a tsakiya maimakon ta kai sara. Matsalarta ƙofa ɗaya gare ta, kuma mabuɗin na hannunka. In ba ka saka mata namiji ba, mafi yawan lokaci ƙwayayen da jikinta ya fara haɗawa a kakar barbara narkewa suke su koma jiki ba tare da ka ma sani ba. Tawa da na ba ka labari shekaru kenan tana nan, ita ce ma nake fara miƙa wa baƙon da bai taɓa riƙe maciji ba, don ba ta da fizge-fizge, sai ta zagaye hannu ta kwantar da kai a kan agogo tana leƙe da harshe. Launinta kuma har yanzu in ta fito daga sabuwar saɓa sai ka tsaya ka kalla. In dai dabbar gida kake so, za ka samu maciji mai kyan gaske a kuɗin da bai kai darajar kyansa ba, kuma ka cire ta daga hannun masu gwada sa'a da ranta.

Sai dai kar in ɓoye maka, ba namiji ba ya nufin haɗarin ya zama sifili. Macen mesa tana iya ajiye maniyyi a jikinta tsawon lokaci ta yi amfani da shi daga baya, kuma jefi-jefi ana samun wadda ke yin ƙwai ba tare da namiji ba sam. A 2020 a gidan zu na Saint Louis da ke Amurka wata ball python mai kimanin shekara 62 ta saka ƙwai bakwai alhali ta fi shekara 15 ba ta haɗu da namiji ba. Abu ne da ba kasafai ba, amma ya isa ya sa ka riƙa lura. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace muhimmanci da za ka yi wa mai sayarwar ita ce ko ya taɓa haɗa ta da namiji, kuma yaushe. Mace mai shekara uku da giram 1,400 a hannun mutumin da ya yarda za ta iya haihuwa, akwai yiwuwar ya riga ya gwada. In ya haɗa su a wannan kakar, ni da ni ne ba zan karɓa ba sai likita ya duba cikinta da na'urar sikanin, don kar ka sayi tiyata da kuɗinka.

In ka yanke za ka ɗauke ta

Ka ɗauke ta a matsayin dabbar gida zalla, kuma ka biya kuɗin dabbar gida, kar ka bari a saka maka ko kwabo na "ai babbar mace ce ta kusa kiwo". Kafin ka biya ka ga tarihin cinta, ka buɗe bakin ka ga ba kumfa ba majina, ka kasa kunne ko tana fito in tana numfashi, ka duba ƙarƙashin haɓa da gefen ido ko akwai ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe masu shan jini, ka bi bayanta da yatsa tun daga wuya har wutsiya, sannan ka shafa ƙasan cikin ko akwai dunƙule. In ka kawo ta gida ka ware ta daga namijinka na tsawon kwana 90, ɗaki daban in da hali, kayan aiki daban, kuma shi za ka fara yi wa hidima kafin ita, saboda cututtukan numfashi irin su nidobairos suna iya ɓoyewa a macijin da ke kama da mai lafiya. Bayan kwana 90 ɗin ma kowa da akwatinsa har abada, ko na awa ɗaya kar ka haɗa su wai don kana wanke ɗayan, barbara ba ta buƙatar dogon lokaci.

Sauran kulawar irin wadda ka saba ce da namijinka. Akwati mai tsawon santimita 120 da faɗin 60 ya mata, gefen ɗumi digiri 31 zuwa 32, gefen sanyi 25 zuwa 27, duk abin da ke ba da zafi ya bi ta tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin, danshi kashi 60 zuwa sama, maɓoya biyu matsattsu ɗaya a kowane gefe. Abinci ɓera ɗaya daidai kaurin jikinta duk sati biyu zuwa uku ya isa babbar mace da ba kiwo za ta yi ba, kuma kar ka riƙa sauke mata zafi da daddare a wani lokaci na shekara yadda masu kiwo ke yi don tayar da sha'awa. Ka sayi sikeli ka riƙa auna ta duk wata kana rubutawa. Sannan tun yanzu, tun tana lafiya, ka nemo likitan da ya iya aikin dabbobi masu jan ciki ka ajiye lambarsa, don ba kowane likitan dabbobi ne ke taɓa maciji ba kuma ranar da kake buƙatarsa ba ranar fara nema ba ce.

Shi kuma burinka na kiwo kar ka yar da shi, mace kawai za ka canja. Da namijinka na asali, in ka samu macen Pastel ko Enchi ko Fire ko Mojave, rabin 'ya'yan za su fito da launin uwar, dukkansu launuka ne masu ƙara haske kuma matansu na yin ƙwai lafiya. In kuma irin wankakken hasken nan na Desert ne ya shiga ranka, Desert Ghost zai ba ka kusa da shi har ma yana ƙara kyau in yana girma, sai dai hanyarsa doguwa ce, zagayen farko da namijinka duk 'ya'yan kamar na asali za su fito suna ɗauke da jinin a ɓoye, sai zagaye na biyu za ka ga launin. In kuɗinka na mace ɗaya ne kawai kuma kiwon ne a gabanka, to ka bar wannan Desert ɗin, kar tausayi ko araha su sa ka ɗauko abin da bayan shekara ɗaya zuciyarka za ta fara raya maka "bari in gwada sau ɗaya kawai".

Ni mai kiwo ne ba likita ba, kuma macen nan ban gan ta ba ban taɓa ta ba, duk abin da na faɗa a kan bayaninka na gina shi, don haka in ka same ta hannun likita shi ne zai faɗi halin da cikinta ke ciki. In wata rana ka ga tsakiyar jikinta ya yi wannan kumburin alhali ba ta ci ba, ka rubuta ranar, ka rubuta ranar saɓar da za ta biyo baya, ka sa mata akwatin ɓuya mai danshi, in an wuce kwana 35 zuwa 40 da saɓar ba ta saka ba, ko ta saka wasu kana jin saura a ciki bayan kwana ɗaya zuwa biyu, ka kai ta asibiti a ranar. Kar ka matsa cikin da hannunka don ka turo ƙwan, bututun da ke riƙe da shi siriri ne kuma yana yagewa.